Kafin ka kai kudin mota, fara shiga Magazin tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga bayan sallah zuwa yanzu mutum uku ne suka same ni da magana daya, sun tara dan abinda Allah ya hore suna so su sayi mota, wace iri ce zan basu shawara su dauka. Na karshensu kanina ne, dan kanwar babanmu dake zaune a Aboabo, da daddare ya turo min hoton wata bakar mota a WhatsApp sai sheki take, yace Yaya kalli wannan, gobe da safe zan kai musu kudi kafin wani ya riga ni. Nace masa rike kudinka a aljihu tukuna, motar da zata gudu saboda ka kara kwana uku kana bincike dama can ba rabonka bace. To abinda na zauna na fada masa shine nace bari in rubuta, saboda nasan akwai irinsa da yawa a zangonninmu na Gana, daga Asawase da Sawaba har Nima da Madina.

Abu na farko ba sunan mota bane, aikin da zata maka ne. Ka zauna kai kadai ka fadawa kanka gaskiya. Kai yara makaranta ne da zuwa kasuwa a cikin gari, ko kuwa kai mutum ne mai yawan hawa titin arewa, Techiman, Kintampo, Tamale har Bawku, ko Bolt da Uber da Yango kake so ka saka ta tana kawo maka na cefane? Wadannan ukun ba mota daya suke bukata ba. Mai aikin haya a cikin gari karamin inji ne abokinsa, irinsu Vitz da Yaris da Kia Morning da Hyundai i10, domin ribarsa gaba daya a bakin famfon mai take tsayawa ko ta zube. Mai doguwar tafiya da iyali da kaya a but kuma in ya dauki karamar nan zai wahalar da ita ya wahalar da kansa. Sannan ka dubi layin gidanku da kyau, in damina tana cinye hanyar ga ramuka ga tudun rage gudu da ake zubawa ko ina, to motar da cikinta ke kusa da kasa kullum kana jin kararrr a karkashi, yau salansa gobe kwanon bakin mai.

In ka tsayar da iri biyu ko uku a ranka, kada ka nufi garejin masu sayarwa, nan ne mutane suke fara kuskure. Ka hau mota ka sauka Suame a Kumasi ka shiga Magazin, wato kasuwar kayan mota da masu gyara, in a Ankara kake ka tafi Abossey Okai, ka ware yini guda don wannan kawai. Ka rubuta sunan motar da shekararta a takarda, ka bi shago shago kana tambaya: nawa ne shok din gaba, nawa ne fitilar gaba guda daya, famfon mai, kwampresan esi, gilashin gaba, giya gaba dayanta in ta mutu, inji hom yus, wato wanda aka yi amfani da shi a waje aka shigo da shi, in ya buga. Ka lura da yadda ake amsa maka. Akwai motar da kana fadin sunanta yaron shago zai mika hannu ya dauko maka kayan daga kan kanta har kala uku ka zaba, akwai kuma wadda zaka ga an fara kiran waya, ana cewa bari mu tambaya a Ankara, ko sai dai ayi maka oda daga Dubai ka jira sati uku. Wannan ta biyun komai kyanta komai arahanta ni dai bana baiwa mai karamin karfi shawara ya dauka, saboda ranar da ta tsaya zata tsaya ne a kofar gidanka kura tana hawa kanta kana kallo kana komawa hawa trotro. Dalilin da yasa kake ganin Corolla ta cika gari kenan kuma bata faduwa a kasuwa, ba wai tafi kowace mota dadi bane, kayanta ne ko ina akwai, kowane fita, wato makanike, ya san cikinta, kuma ranar da bukata ta taso kace zaka sayar baka kwana biyu baka samu mai so ba. Kuma ka tsaya wajen fitoci biyu ko uku da basu san juna ba ka tambaye su wace matsala wannan motar tafi kawo musu, zasu fada maka tsakani da Allah tunda ba su ke sayarwa ba.

Sai lissafin kudi, kuma anan nake rokon kowa kada ya zuba duk abinda ya mallaka a kudin sayen kawai. Mota hom yus ko ta hannu tana zuwa da yunwarta: canjin bakin mai da filta, watakila taya, watakila batir, inshora, rodwodi wato takardar lafiyar mota, rajista ko canjin suna a ofishin rajistar motoci na DVLA, da dan abinda fita zai gano bayan sati biyu wanda ba makawa sai an samu. In duk kudinka ya kare ranar saye to ka sayi motar da tafi karfinka, ka sauko kasa kadan. Ka tuna kuma farashin mota a kasar nan da dala yake tafiya, wanda ya ga 2022 ya sani, dala ta tashi daga wajen sidi 6 a farkon shekara har ta haura 13 kafin shekarar ta kare, mutane sun yi odar mota da wani lissafi ta iso Tema da wani lissafin daban, wasu motocinsu suka zauna a habo, wato tashar jirgin ruwa, kudin ajiya yana hawa kullum don basu da na duti, wato kudin kwastan.

Tunda na tabo oda bari in yi maganarta. Hanyoyin hudu ne kusan. Akwai sabuwa fil, har ana hada wasu a nan gida yanzu, Volkswagen da Toyota da Nissan da Kia duk suna da wajen hadawa a kasar nan ga kuma Kantanka, wanda Allah ya bashi iko sai ya je ya samu garanti ya huta, ba dasu nake ba. Akwai hom yus da dila ya riga ya shigo da ita ya biya duti tana gareji kana ganinta da idonka. Akwai wadda aka riga aka yi mata rajista aka hau anan. Sai kuma ka bada kudi a sayo maka daga gwanjon Amurka ko Kanada irinsu Copart da IAAI, ko daga Koriya ko Japan. Wannan ta karshen tana iya zuwa da sauki amma ka sani yawancin motocin gwanjon nan wadanda suka yi hatsari ne ko wadanda inshora ta sallama, kuma kudin da ka gani a hoto somin tabi ne, akwai kudin gwanjo, kudin daukota zuwa bakin ruwa, kudin jirgi, duti, ladan ejan, sannan gyara. Duti kuwa yana bin darajar motar da girman injinta da shekarunta, wadda ta haura shekara 10 ana dora mata tara a sama. Tun 2020 kwastan suke aiki da tsarin kwamfuta na ICUMS kuma akwai wajen da ake saka lambar shasi a intanet ya baka kiyasin dutin, kasa ejan dinka ya buga maka a gabanka tun kafin a sayi motar, ba bayan tana kan ruwa ba.

Lambar shasin nan, wadda ake cewa VIN, ita ce asirin mota gaba daya. Motocin Amurka da Kanada da Turai da Koriya harafi da lamba 17 ne, zaka ganta ta kasan gilashin gaba bangaren direba, da jikin ginshikin kofar direba a kan sitika, kuma dole wadda ke jikin mota ta zama daya da wadda ke cikin takardu, harafi daya ya saba ka tsaya. A motar da aka yi don kasuwar Amurka, na goma a jerin shine shekararta: A 2010 ce, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, haka har gaba, babu I a ciki. Na fadi wannan ne saboda ana canzawa mota fitilu da bamba a mayar da fuskarta ta sabon yayi a ce maka 2016 ce alhali 2012 ce. Haka lamba biyun dake karshen nambar mota, misali 19 ko 21, shekarar da aka yi mata rajista a Gana ce ba shekarar da aka kera ta ba, mutane da yawa suna rudewa anan. Ka kwafi VIN din ka saka a Google kawai, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo zasu fito, ka ga inda aka buge ta da idonka, ko gaba ne ya shige ko jakar iska ta fashe, har mil nawa ta yi a lokacin. In kana da hali ka biya a ciro maka rahoton tarihin motar na Carfax. In allon motar yana nuna mil kasa da abinda hoton gwanjo ya nuna shekara biyu baya to an juya agogon ne, kuma ka tuna na Amurka da mil suke kirga, mil daya kilomita 1.6 ne.

Yanzu ranar zuwa gani. Da rana tsaka zaka je ba da magariba ba, ba kuma ana ruwa ba don jikakken fenti yana boye komai, kuma da naka fita zaka je wanda kai ka biya shi kudin yininsa, ba wanda mai gareji zai kira maka daga bayan shago ba. Ka ce musu kada a tada motar kafin ka iso, kana zuwa ka dora hannu a kan bonet, in da dumi an riga an dumama ta ne kuma inji mai ciwo sai yana da sanyi yake fadin gaskiya.

Ni wannan darasin da kudina na saye shi. Motata ta biyu na ganta a wani gareji a bakin titi, fes da ita, cikinta sai kamshin turare, esi kamar firiji, na zagaya da ita sau daya na biya. Wata daya ba'a rufa ba gilashin kofa ya fara sauka da kansa, yau fitilar allo ta kama gobe ta mutu, rannan ana tsakiyar go-slow a Anloga Junction ta dauke wuta gaba daya. Na kai ta Magazin wajen wani dattijon fita, bai ko bude bonet ba, ya durkusa ya tura kujerar direba baya ya haska karfen da kujerar ke gudu a kai da tocilan wayarsa, duk tsatsa. Ya zare roban bakin kofa ya daga kafet ya cusa hannu, ya fito da busasshen laka a tafinsa, ja-ja mai laushi kamar garin da aka tankade. Ya jawo bel din kujera har karshensa sai ga layin datti inda ruwa ya tsaya. Yace Alhaji wannan motar ta kwana cikin ruwa, ba hatsari tayi ba ambaliya ce ta ci ta. Nace Masta to yanzu meye abin yi? Yace wayoyinta ne suke rubewa daga ciki a hankali, zamu rika bi daya bayan daya amma ba zan maka alkawarin ranar gamawa ba. Shekara daya da rabi ina kai ta ina daukowa, kudin makarantar yara ya shiga ciki, daga karshe na sayar da ita da asara bayan na fadawa mai sayen abinda ke jikinta. Har yau in na tuna turaren nan raina yana baci, domin warin ruwa aka rufe da shi. Don haka duk motar da zaka duba, daga kafet, leka ramin safaya taya a but, shinshina, kuma ba daga waje kadai masu ruwa ke zuwa ba, Ankara ma duk damina ruwa yana shanye motoci a wajajen Circle da Kaneshie a wanke su a kawo kasuwa.

Sauran dubawar fitanka ya sani amma kaima ka sa ido. Ka murda makulli ba tare da ka tada inji ba, fitilun allo duka su kama, harda ta inji da ta jakar iska da ta birkin ABS, sannan su mutu bayan ta tashi, wadda bata kama ba tun farko watakila an cire kwan ne ko an like ta don kada ta tona asiri. A jona mata mashin din nan na bincike a karanta abinda kwakwalwarta ta rike. Bude murfin bakin mai, in ka ga abu fari-fari kamar koko da madara ruwa yana haduwa da mai kenan, gasket ne ko abinda ya fi shi. Ka tsaya a baya wani ya taka totur: hayaki mai shudi inji yana shan bakin mai, fari mai kauri da baya yankewa ruwa yake konawa, baki kuma fetur take zubarwa. Ka bi jikinta da dan maganadisu nannade a kyalle, inda yaki kamawa a jikin karfe an cika wajen da foti ne aka fesa fenti. Ka duba tsakanin kofofi da bonet ko ratar daidai take hagu da dama. A daga ta sama ko a hau rami a leka karkashi, motocin Kanada da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin kankara yana cin karkashinsu, sannan a duba ko katalis dinta, mai tace hayaki a jikin salansa, yana nan don ana yanke shi a sayar. Taya ma tana da ranar haihuwa, lamba hudu a gefenta, biyun farko sati biyun karshe shekara, 2318 na nufin sati na 23 a 2018, tsohuwar taya ko zanenta bai cinye ba a titin Kumasi zuwa Ankara da zafin rana hatsari ce.

Wani abu da ya yawaita yanzu shine motocin Japan da aka juya musu sitiyari. Mu tun 1974 muke tuki a hannun dama, su kuma Japan sitiyarinsu a dama yake, sai a ciro shi a mayar hagu. Wani aikin yana da kyau wani kuwa walda ce kawai da yanke-yanken waya, kuma sitiyari da birki ba wajen gwaji bane. Yadda zaka gane: sandar sigina tana bangaren dama, waifa tana sharewa ta bangaren fasinja fiye da naka, dashbod akwai alamar yanka ko baya zama daram. In ka ga haka kasa a duba aikin sosai kafin ka saka iyalinka a ciki.

Gwajin tuki kuma ba zagaye gareji bane. Ka kashe rediyo, ka kunna esi, ka hau tudu da ita tunda Kumasi bamu rasa tudu ba, ka shiga hanya mai gargada ka saurari kafafunta, ka samu mikakken titi ka sake ta har giya ta shiga duka ka ji ko tana fizga ko tana jinkiri, ka taka birki da karfi ka ga ko tana ja gefe daya, sannan ka barta a kunne a tsaye minti goma sha biyar kana kallon allurar zafi. In giyar CVT ce, wato irin otomatik din da bata da hawa-hawa, ka tambaya wane mai ake zuba mata, nata daban ne kuma zuba mata na gama-gari yana kashe ta. Mai motar da yace ba za'a fita da ita ba sai ka fara biya, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

Takardu su ne inda mutum ke rasa mota da kudi a rana daya. Hom yus ce, ka karbi takardun kwastan ka tabbatar an biya duti da wannan lambar shasin, kada ka yarda da hoto a waya, a tabbatar maka a wajen GRA, hukumar haraji da kwastan. Akwai motocin da ake shigowa dasu ta Aflao daga Lome da izinin zama na dan lokaci sai a batar da sawu a sayar, ranar da kwastan suka tare ka kai ne zaka amsa. Akwai kuma na sata daga Amurka da Kanada, musamman manyan jip masu tsada, hukumar yaki da laifukan kudi ta EOCO ta sha kama irinsu a garejoji da hannun mutanen da suka saya da kudinsu na halal, shi yasa in ka ga babbar mota da arahar da hankali bai dauka ba kada kace sa'a ce. Mai rajista ce, sunan dake takardar DVLA ya zama na wanda ke tsaye a gabanka da Ghana Card dinsa, in yace ta yayansa ce dake Jamus to a kawo shaidar an bashi izinin sayarwa. Inshora zaka iya dubawa a wayarka, ka danna *920*57# ka saka nambar motar. In kana zargin an ci bashi da ita akwai rajistar jingina a karkashin Bank of Ghana da ake bincikawa. Wanda zai yi haya kuma ya sani rodwodin motar haya duk wata 6 ne, ta gida shekara guda.

Wajen biya, kada ka tura ko sidi daya ta MoMo don a rike maka motar da baka taba da hannunka ba, duk wanda ka gani a intanet yana cewa gwanjon kwastan ne turo kudin fom, barawo ne. Ku hadu a banki a tura kudin ta asusu ya bar shaida, a rubuta takardar ciniki da sunan mota da lambar shasi da ta inji da adadin kudi, shaidu biyu su sa hannu, naka daya nasa daya, ko da kuwa dan uwanka ne kuke sallah sahu daya. Ka rike wani kaso na kudin har sai kun je DVLA tare an mayar da ita sunanka, kuma ka shiga ofis da kafarka ka biya a karbi rasit, ka kyale goro boys din bakin kofa masu cewa zasu yi maka aikin. Ka karbi makulli biyu in akwai, in daya ne a rage maka kudin yanka na biyu don masu na'ura a ciki ba araha suke ba.

Kanin nawa dai bai sayi bakar motar ba. Da muka saka VIN dinta hoton gwanjon ya fito gabanta a markade har gilashi, jakunkunan iska biyu a waje, kuma da muka je gani fitilar jakar iskar bata kamawa sam. Yanzu Corolla biyu muke dubawa da Elantra daya, ranar Asabar in Allah ya kaimu Masta zai bi mu mu daga kafet dinsu.